Kaki Kala-Kala, Umarni Daga Wa? Daura Da Ƙudirin 'Yan Sandan Jihohi

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, hanyar da ta fita daga Daura ta nufi Kwangwalam ba ta hutawa tun daga asuba. Tireloli na shiga don lodin shanu da raguna zuwa Kudu, ƙananan motoci na fitowa maƙare da buhuna da fasinjoji, 'yan acaɓa na kurɗawa ta tsakaninsu. Tafiyar gajera ce, amma direba zai taka burki sau da dama kafin ya isa bakin iyaka. Nan 'yan sanda ne, gaba kaɗan kwastan, can jami'an shige da fice, sai sojoji a bayan buhunan yashi. Wani wurin kuma za ka tarar da su a shinge guda, kaki kala-kala, an ce musu rundunar haɗin gwiwa.

Muddin an ɗaga wa mota hannu ta wuce, babu mai damuwa da sanin wane ne wane. Sai ranar da aka sauke kayan ɗan kasuwa, ko aka tafi da yaron mota, sannan tambayar ke tasowa: ofishin wa za a je? Caji ofis na Daura, ko ofishin kwastan a Katsina, ko barikin soja? Sau da yawa dangi kan kwana biyu suna zarya kafin su san hannun da ɗansu yake.

A kan wannan yanayi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ke duba ƙudirin gyaran kundin tsarin mulki da zai ba kowace jiha damar kafa 'yan sandanta. Mahawarar da ake yi a Abuja ta fi karkata kan ko gwamna zai iya riƙe bindiga da amana. A masarautar Daura, inda ƙananan hukumomin Mai'adua da Zango da Baure ke jingine da Jamhuriyar Nijar, akwai tambayar da ta riga wannan: idan sabon kaki ya shigo cikin waɗanda ake da su, wa zai ba da umarni, wa kuma zai amsa laifi idan aiki ya ɓaci?

Darasin Magajin Gari

Mutanen Daura sun ga amfanin aikin haɗin gwiwa da idonsu. Ranar 1 ga Mayu, 2019, bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, daga ƙofar gidansa. Abin ya girgiza garin, domin shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan garin ne, kuma an ɗauka cewa ko ina aka taɓa, ban da Daura. Wata biyu cur aka yi ana nema, sai a farkon Yuli rundunar IRT ta Sufeto Janar na 'yan sanda, tare da 'yan sandan Jihar Kano, suka kuɓutar da shi daga wani gida a bayan garin Kano bayan musayar wuta.

Wata guda bayan haka aka ga ɗaya fuskar. Ranar 6 ga Agusta, a kusa da garin Ibi na Jihar Taraba, sojoji suka buɗe wa wata motar 'yan sandan IRT wuta. Motar na ɗauke da Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, da ake zargi da garkuwa da mutane. An kashe 'yan sanda uku da farar hula, wanda aka kama kuma ya tsere, sai daga baya aka sake cafke shi a Kano. Hedikwatar 'yan sanda ta bayyana cewa jami'an da aka kashe na cikin tawagar da ta ceto Magajin Garin Daura. Sojoji suka ce an kira su ne cewa masu garkuwa sun ɗauke mutum, suka bi motar. Kwamitin da hedikwatar tsaro ta kafa ya ambaci rashin sadarwa tsakanin ɓangarorin biyu da rashin bin ƙa'idar aiki cikin dalilan da suka jawo lamarin.

Dukkan jami'an da abin ya shafa ma'aikatan gwamnati ɗaya ne, albashinsu daga baitulmali ɗaya yake fitowa. Idan haka ta faru tsakanin hukumomin tarayya biyu, mai karatu na iya hasashen abin da ke iya faruwa ranar da ɗan sandan tarayya da ɗan sandan jiha, kowa da nasa maigidan, suka haɗu a kan mutum ɗaya.

Abin da doka ta ce a yanzu

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, ba a yarda a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni kan tsaron jama'a, amma ya bar wa kwamishinan ƙofa: yana iya neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Wannan ƙofa ce gwamnoni suka daɗe suna kuka da ita. Suna cewa ana kiransu shugabannin tsaro na jihohinsu, su ke sayen motoci da mai, su ke biyan alawus, amma ba su da ikon ɗaga ko kofur daga wannan gari zuwa wancan.

Sojoji kuma sashe na 217 ne ya ba su hurumin taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya kira su. Sauran kowa da dokarsa: Sibil Difens ta samu tata a 2003, aka gyara ta a 2007 har aka ba ta damar riƙe makami, 'yan sanda sun samu sabuwar doka a 2020, kwastan a 2023. DSS da NDLEA da hukumar shige da fice kowace na da nata shugaban a Abuja.

Rundunonin haɗin gwiwa kuwa akasarinsu da umarnin shugaban ƙasa ko na hedikwatar tsaro aka kafa su, ba da wata dokar majalisa da aka rubuta domin su ba. Mutanen Katsina sun haddace sunayensu: Sharan Daji, sai Hadarin Daji a 2019, sai Fansan Yamma da ta haɗe aikin Arewa maso Yamma a 2024. 'Yan sanda ma sun ƙaddamar da tasu, Puff Adder, a 2019. Suna na sauyawa, kwamanda na sauyawa, amma talaka bai taɓa ganin takardar da ta bayyana masa wanda ke da alhakin wanda aka kama ba.

Lokacin da aka rufe boda

Rundunar haɗin gwiwar da ta fi taɓa aljihun mutumin Daura ita ce ta rufe iyaka. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, ta haɗa kwastan da jami'an shige da fice da sojoji da 'yan sanda a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka.

A taswirar Abuja kilomita 20 zare ne siriri. A nan kuwa garuruwa ne cike da mutane, da injinan niƙa, da manoman rani, da asibitocin da ke aiki da janareta. Mai ya yi tsada, mai ɗauke da galan ya zama abin zargi, kuma dangi da ke Matamaye da Magarya da Damagaram suka yi nisa ba tare da sun matsa ba. An fara buɗe iyakokin a ƙarshen 2020, aka sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai, sannan aka buɗe a watan Maris na 2024.

Abin da 'yan kasuwa da direbobi suka riƙe daga wannan zamani shi ne yawan shingaye da “na goro” da ake miƙawa a kowane. Jami'ai kuma nasu kukan daban: iyaka ce mai tsawo, fili ne fetal babu kogi babu dutse, hanyoyin ɓarauniya sun fi a ƙirga, ga ƙarancin ma'aikata da motoci. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Abin da babu shi ne ofis guda da mai ƙorafi zai shiga, a rubuta ƙararsa, a ce masa ya dawo ranar kaza.

Me ƙudirin ya ƙunsa?

Maganar 'yan sandan jihohi ta daɗe. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a kafa su, haka ma kwamitin jam'iyyar APC da Malam Nasir El-Rufai ya jagoranta a 2018. Ta sake tasowa da ƙarfi a watan Fabrairun 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya zauna da gwamnoni suka amince a duba batun. Cikin watan ne ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar tare da wasu 'yan majalisa ya tsallake karatu na biyu.

Jigon ƙudirin shi ne a cire harkar 'yan sanda daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, a mayar da ita jerin da tarayya da jihohi ke tarayya a kai. Za a samu 'yan sandan tarayya da na jiha, kowace jiha da hukumar da za ta kula da ɗauka da ladabtar da nata. Ƙudirin ya kuma taƙaita lokutan da 'yan sandan tarayya za su tsoma baki a harkar jiha, kamar idan doka da oda sun rushe gaba ɗaya, ko idan gwamna da kansa ya nemi ɗauki.

A ƙarshen 2024 Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya shaida wa manema labarai bayan zaman Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa cewa galibin jihohi sun goyi baya. A farkon Satumban 2025, makonni kaɗan bayan kisan masallata a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya jagoranci tawagar manyan Katsina zuwa fadar shugaban ƙasa, kuma a gabansu ne Tinubu ya jaddada aniyarsa ta kafa 'yan sandan jihohi. A ƙarshen Nuwamba, da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya buƙaci majalisa ta gyara dokoki don jihohin da ke buƙata su kafa.

Ƙudirin ya yi bayani kan dangantakar 'yan sandan tarayya da na jiha. Sai dai a shingen Kwangwalam, ko a bakin dajin Rugu, ba su biyu kaɗai ke aiki ba. Da soja, da kwastan, da Sibil Difens, da DSS. Yadda sabon ɗan sandan jiha zai zauna da waɗannan aiki ne da zai rage wa dokokin da za su biyo baya.

Katsina ta riga ta gwada

Jihar Katsina ba ta jira Abuja ba. A watan Oktoban 2023 Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda jama'a ke kira C-Watch, da matasa kusan 1,500 a kashin farko, bisa dokar da majalisar jiha ta yi. An ɗebo su daga ƙananan hukumomin da suka fi shan wahalar 'yan bindiga, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, aka kuma kafa ma'aikatar tsaron cikin gida don kula da harkar. Zamfara ta biyo da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa tata. Tun 2020 jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun, duk da taƙaddama da ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, wanda ya fara cewa ta saɓa wa doka.

Hujjar masu goyon baya a fili take. Ɗan gari ya san daji, ya san hanya, ya san baƙon fuska a kasuwa, yana jin yaren mutane. Jami'in da aka turo daga nesa, kafin ya san sunayen ƙauyuka an sake masa wurin aiki. Ga shi 'yan sandan ƙasar duka ba su kai dubu 400 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma da yawansu na gadin manya.

Amma waɗannan rundunoni na jiha suna aiki ne a ƙarƙashin inuwar wasu. Doka ba ta ba su manyan makamai ba, alhali ɗan bindiga na yawo da AK-47. Idan suka kama mutum, sai sun miƙa shi ga 'yan sanda. Idan aka shiga daji, soja ne a gaba. Ƙudirin da ke majalisa zai sauya wannan matsayi: ɗan rakiya zai zama mai cikakken iko na kamawa da bincike da gurfanarwa. A nan ne tsarin haɗin gwiwar da aka saba da shi zai buƙaci sabon zama.

Tsoron da ke da tarihi

Dattawan Daura sun san 'yan sandan gida tun kafin a haifi masu mahawarar yau. Zamanin En'e, kowace masarauta na da dogarai da 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari. Sun san kowa, ɓarawo bai cika kwana biyu a gari ba a san da shi ba. Amma tarihin siyasar Jamhuriya ta Farko cike yake da koken 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, cewa da 'yan dokan En'e aka riƙa tarwatsa taronsu, ana ɗaure magoya bayansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan 1966, ta narkar da 'yan dokan cikin rundunar 'yan sandan ƙasa.

Masu adawa da ƙudirin na nuni da wannan tarihi, suna ƙarawa da yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke kasancewa a hannun hukumomin zaɓe na jihohi, inda jam'iyyar gwamna kan lashe kusan komai. A taron tattaunawa da Majalisar Wakilai ta shirya a Abuja a watan Afrilun 2024, wakilin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce ƙasar ba ta kai ga wannan mataki ba tukuna, ya ba da shawarar a haɗe Sibil Difens da hukumar kiyaye haɗurra cikin 'yan sanda. A zauren nan kuma tsohon Shugaba Goodluck Jonathan ya goyi bayan kafawa, da sharaɗin a toshe hanyar da gwamnoni za su yi amfani da su don siyasa.

Akwai kuma tsoron da ya shafi Arewa maso Yamma musamman. Rikicin 'yan bindiga ya ƙara ruruwa ne da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji, inda aka riƙa hukunta mutum saboda kamanninsa. Rundunar jiha da aka ɗebo daga ɓangare ɗaya na al'umma na iya gadar wannan gaba, sai dai wannan karon da kaki da lambar gwamnati. Sai batun kuɗi: jihar da albashin malaman makaranta ke yi mata nauyi, ta ɗauki dubban matasa ta ba su bindiga, ranar da albashi ya makara kowa ya san inda za su nemi na cefane.

Abubuwan da ya kamata a rubuta

Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Ƙarin jami'ai zai yi amfani ne gwargwadon yadda doka ta fayyace aikinsu tare, kuma abubuwan da ke buƙatar fayyacewa sanannu ne.

Na farko, jagoranci. Kowane aikin haɗin gwiwa ya kasance da kwamanda ɗaya da aka sani da suna, da iyakar yankinsa, da wa'adin aikinsa. Na biyu, wanda aka kama. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na nesa. Wannan ba ya aiki sai akwai rajista guda da za a rubuta sunan duk wanda rundunar ta kama, da hukumar da ke tsare da shi, inda dangi da lauya za su iya dubawa.

Na uku, musayar bayanai. Harin jirgi marar matuƙi da ya kashe mutum sama da 80 a wajen Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, a watan Disamban 2023, ya nuna girman giɓin: da farko rundunar sojin sama ta ce ba ita ba ce, sai daga baya sojin ƙasa suka amsa. A ƙarshen 2024 an buɗe cibiyar haɗa bayanan yaƙi da garkuwa da mutane a ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, inda hukumomi da dama ke zama tare. Irin wannan zama ake buƙata a Katsina da Daura, da kujerar 'yan sandan jiha a ciki tun ranar farko.

Na huɗu, iyaka. Shige da fice da kwastan hurumin tarayya ne, kuma ƙudirin bai taɓa su ba. To ɗan sandan jiha da ke Baure ko Zango, idan ya ga motar fasa-ƙwauri, zai tare ne ko zai kira? Idan ɓarawon shanu ya tsallaka Nijar, wa zai yi magana da jandarmomin can? Tambayar ta ƙara nauyi tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a farkon 2025, ta kuma sanar da janyewa daga rundunar ƙasashen Tafkin Chadi. A aikace, zumuncin sarakuna da 'yan kasuwar ɓangarorin biyu ne ke warware matsaloli da yawa kafin takarda ta iso.

Wannan ya kai ga na biyar, masarauta. Daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, akwai hanyar samun labari da babu hukumar tsaron da ke da irinta. Kundin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, ko da yake neman a ba su na cikin buƙatun da ke gaban kwamitocin gyaran kundin. Ana kiran hakimi taron tsaro idan an ga dama, a manta da shi idan an ga dama.

Inda maganar za ta biyo

Gyaran kundin tsarin mulki ba ya tabbata sai ya samu kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Ke nan maganar za ta biyo ta zauren majalisar dokokin Katsina mai kujeru 34, cikinsu har da na Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure. Idan gyaran ya wuce, majalisar nan ce za ta sake zama ta rubuta dokar da za ta kafa rundunar jihar: yadda za a ɗauki ma'aikata daga kowace al'umma, makomar 'yan C-Watch, wanda zai zauna a hukumar ladabtarwa, da inda kuɗin albashi zai fito.

A wannan zama na biyu ne ƙungiyar direbobi, da 'yan kasuwar dabbobi na Mai'adua, da shugabannin makiyaya, da lauyoyi, da majalisar masarauta ke da damar kai buƙatunsu a rubuce lokacin jin ra'ayin jama'a, tun daga adadin shingayen da za a yarda da su tsakanin Daura da bakin iyaka har zuwa ofishin da za a kai ƙara idan jami'in rundunar haɗin gwiwa ya wuce gona da iri.